Yadda Za Ku Kai Buƙatar Mata Gaban Majalisar Dokokin Legas

Wata maƙwabciyata a nan Agege ta sha duka a hannun mijinta har idonta ya kumbura. Da gari ya waye ta yafa mayafi ta nufi wani ofishi don ta kai ƙara, sai ga ta ta dawo kafin azahar. Ba korar ta aka yi ba. Ba ta jin Turanci, Yarabancinta bai wuce na cefane ba, kuma babu mai jin Hausa a wurin. Ta zauna a tsakar gida tana kuka tana cewa, "Yaya, na kasa faɗa musu abin da ya same ni." Alhali Jihar Legas tana da dokar kare mutane daga cin zarafi a cikin gida tun 2007.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka ɗauki kanmu baƙi a garin nan. A nan aka yanke wa da yawanmu cibiya, a nan muke biyan kuɗin rumfa, a nan muke jefa ƙuri'a, amma in aka ambaci Alausa, inda Majalisar Dokokin jihar take, sai mu ce ai wurin masu gari ne. Majalisar da ke can tana da kujeru 40, kowace ƙaramar hukuma cikin 20 tana da biyu, kuma wanda ke kan kujerar mazaɓarku wakilinku ne ko da wane yare kuke yi a gida. Ga yadda ake bi a isa gare shi.

Mataki na farko: ku tsayar da buƙata ɗaya

A nan yawancin ƙungiyoyinmu ke yin tuntuɓe. Za a taru a Islamiyya ko wajen adashi, kowace ta zazzage abin da ke cikinta: sakin wulaƙanci, rashin ciyarwa, kuɗin makaranta, rashin banɗakin mata a kasuwa, zawarawan da aka cinye wa gado. Duk gaskiya ne. Amma in kuka kwashe su gaba ɗaya kuka kai wa ɗan majalisa, zai jinjina kai, ya ce Allah ya kyauta, wataƙila ya ba ku kuɗin mota, shi ke nan. Bai san ta inda zai kama ba.

Ku zaɓi guda ɗaya, sannan ku tambayi kanku wane irin abu ne. Akwai buƙatar da sai an yi sabuwar doka ko an gyara tsohuwa. Akwai wadda dokarta na nan, aiwatarwa ce ta yi rauni, kuma sashe na 128 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar jiha ikon binciken yadda ma'aikatu ke aiki da dokoki da kuɗin da aka ware musu. Akwai kuma wadda kuɗi kawai take so a cikin kasafin shekara. A ganina, mafi yawan kukan matan Hausawa a Legas yana cikin kashi na biyu da na uku, domin jihar ba ta rasa dokoki ba. Ban da ta 2007, akwai dokar haƙƙin yara ta wannan shekarar, akwai kuma hukumar DSVA mai kula da cin zarafi a gida da fyaɗe, wadda doka ta kafa a 2021. Akwai ofishin lauyoyin gwamnati masu tsaya wa marasa hali kyauta. Kada ku ɓata shekara kuna neman abin da tuni yake a rubuce.

Misalin buƙatar da ta tsaya da ƙafarta: a fassara dokar 2007 zuwa Hausa, a kuma sanya mai jin Hausa a wuraren karɓar ƙorafin mata a Agege, Mushin, Kosofe da Ojo. Wannan ana iya lissafa kuɗinsa, ana iya cewa an yi ko ba a yi ba.

Mataki na biyu: ku san wakilinku

Ku duba katin zaɓenku, ku ga ƙaramar hukuma da mazaɓa. Idi-Araba tana Mushin, Mile 12 tana Kosofe, Alaba Rago tana Ojo. Mudashiru Obasa, wanda ya fara hawa kujerar kakakin majalisar a 2015, mazaɓar Agege ta ɗaya yake wakilta. Bayan wakilinku, ku nemi sunan shugaban kwamitin harkokin mata da na kwamitin da ke duba koke-koken jama'a. Wadda ba ta da katin zaɓe, ko nata na Kano ne ko Sakkwato, ta nemi a mayar mata da shi nan idan hukumar zaɓe ta buɗe rajista. Ɗan siyasa yana jin nauyin mai ƙuri'a a mazaɓarsa fiye da kowa.

Mataki na uku: ku tattara hujja, ku rufa asiri

Ku sayi littafi guda. Duk macen da abin ya shafa, a rubuta unguwarta, watan da abin ya faru, inda ta je, da abin da ya biyo baya. Kada a rubuta sunanta sai da yardarta, kuma ko ta yarda, kada hotonta ya shiga WhatsApp. Na ga inda aka yaɗa labarin wata da niyyar taimako, dangin miji suka gane ta, ta rasa ɗakin da 'ya'yan gaba ɗaya. Ku ba kowace lamba maimakon suna. Labari ashirin da aka rubuta da kwanan wata ya fi "mata da yawa suna shan wahala" ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu: ku fara shawo kan gida

Wannan ya fi duk sauran wuya, kuma wanda ya tsallake shi zai dawo ya same shi. Ɗan majalisar da kuka je wa, abu na farko da zai yi bayan kun fita shi ne ya kira Sarkin Hausawan unguwarku ko shugaban kasuwa ya tambaya, "Su waye waɗannan matan?" In aka ce ba a san da zamanku ba, takardarku ta mutu tun a nan. Don haka ku riga shi zuwa. Ku gai da Sarki, ku je wa limamin Juma'a, ku zauna da iyayenmu mata masu faɗa a ji, ku karanta musu abin da kuka rubuta kafin ya fita.

Ku kula da kalmomi. Da zarar an ce "daidaiton jinsi", wasu mazan sai su ji kamar an ce mace za ta daina biyayya ko za a taɓa rabon gado, sai a toshe kunne kafin ku kai aya. Ni dai na fi son a ce haƙƙi da adalci, domin su ne ainihin abin da muke nema, kuma malamanmu sun san su sarai: ciyarwa haƙƙi ce, karatun 'ya mace haƙƙi ne, hana duka adalci ne. Ku ce, "Allah ya gafarta Malam, 'yarka ce za ta je ofishi ta kasa magana." Uban da ya aurar da 'ya zai fahimta.

Kada kuma ku tsaya a Hausawa zalla. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, tana da rassa a Legas, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimakawa da rubutu da shawarar shari'a, kuma matan Yarabawa da na Ibo da ke rumfa kusa da taku suna da irin kukanku. Shari'ar hijabi a makarantun jihar ta isa darasi: babbar kotu ta goyi bayan hani a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin sa hijabi a Yunin 2022. Ba mutum ɗaya ya riƙe wannan magana tsawon shekarun nan ba.

Mataki na biyar: rubuta takardar

Da Turanci za a rubuta, shafi ɗaya ko biyu, zuwa ga Kakakin Majalisa, da kwafi ga wakilinku da shugaban kwamitin. A fara da ko ku su waye, sai matsalar da misalai uku daga littafinku, sai dokar da ta shafi abin, sai buƙatar a jimla ɗaya. Ana iya jingina da sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi, ƙabila ko addini. A ƙasa a jera sunaye, unguwanni da sa hannu. Wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa. A karanta wa kowa fassarar da Hausa kafin ta sa hannu.

Mataki na shida: zuwa da kai ya fi aike

Ku je Alausa a Ikeja da sassafe saboda gosulo, mutum huɗu ko biyar sun isa, a ciki har da mai jin Turanci da mai jin Yarabanci. Ku riƙe katin shaida. Ku tafi da kwafi biyu, ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan ku dawo da shi gida. Wannan kwafin shi ne shaidarku duk ranar da aka ce ba a ga takarda ba. Idan kun samu ganin ɗan majalisar, mutum ɗaya ta yi magana, kuma kada kowa ta sako buƙatar kanta ta jari ko kuɗin haya. In aka miƙo ambulan, ku yi godiya ku ce amsar takarda kuka zo nema. Ranar da kuka karɓa, kun koma masu neman taimako a idonsa.

Majalisar kan kuma shirya taron masu ruwa da tsaki a mazaɓu, inda wakili ke zama da mutanensa. Ku tambayi ofishin mazaɓa ranar da za a yi, ku je da takardar nan, ku nemi a ba ku makirfo.

Mataki na bakwai: zaman jin ra'ayin jama'a

Idan maganar ta zama ƙudurin doka, ga hanyarsa: karatu na farko, karatu na biyu inda ake muhawara, sai a tura wa kwamiti, kwamiti ya kira jama'a, ya kawo rahoto, a yi karatu na uku, a aika wa gwamna. Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi majalisa na iya tabbatar da dokar da kashi biyu cikin uku. Ƙofarku ita ce zaman kwamiti. Ku nemi kwafin ƙudurin tun da wuri, lauya ta karanta muku, ku rubuta gyaran da kuke so sashe-sashe. A wurin, minti kaɗan za a ba ku. Ku cika kujeru da mayafanku, a ga cewa akwai mu.

Mataki na takwas: bibiya

Bayan mako biyu ku kira, bayan wata ku koma da kwafin nan mai hatimi. Idan buƙatar ta kuɗi ce, ku matsa kafin ƙarshen shekara, lokacin da gwamna ke gabatar da kasafi, ma'aikatu kuma ke zuwa kare nasu a gaban kwamitoci. Nan ne ɗan kwamiti zai iya tambayar kwamishina ina kuɗin masu fassara.

Ku sa ido kan gyaran kundin tsarin mulki ma. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofarta a Abuja. Duk lokacin da irin wannan gyara ya tsallake Abuja, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince kafin ya zama doka, kuma Alausa na cikin masu kaɗa wannan ƙuri'a. A zauren nan mata 'yan tsiraru ne. Sai a Janairun 2025 mace ta fara zama kakaki, Mojisola Meranda ta mazaɓar Apapa ta ɗaya, ta yi kwana 49 a kujerar. Idan maganar ware wa mata kujeru a majalisun dokoki ta iso jihohi, ku koma wa wakilin nan naku da sabuwar takarda mai tambaya ɗaya: wane ɓangare zai jefa ƙuri'arsa. Ku nemi ya ba ku amsar a rubuce.