Kurakuran da ke mayar da fentin mota saƙar gizo-gizo

Ka tsaya gaban baƙar mota da rana tsaka, ko ka haska ta da tocilar waya da daddare, za ka ga siraran layuka sun zagaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Sai ka ji ana cewa fenti ne ya tsufa. Karce ne kawai, kuma galibi mai motar ne ya yi da hannunsa. Na gaji da maimaita wa sababbin masu mota wannan zance.

Uwa uba shi ne share ƙura a bushe. Ni kaina na shekara ina yi. Ina da wata baƙar Corolla, kuma ka san hunturun Kano, ko da daddare ka wanke mota, da safe sai ka rubuta sunanka a kan bonet. Sai na ajiye tsohuwar singileti a but, kullum kafin in fita in ɗan goge, ina ganin tsafta nake yi. Ashe ƙurar nan niƙaƙƙen yashi ce da iska ke kwasowa daga Sahara, yashi kuwa ya fi fenti tauri. Ka ɗora tsumma ka murza, samfefa ka yi wa motarka ke nan. Shi kuma ruwan ƙyallin da ke saman launin, wanda masu fenti ke kira kiliya, a yawancin motoci kaurinsa maikiron 40 ne zuwa 50, bai kai silin gashi ba. Yanzu in babu ruwa, ƙurar ta kwana uku a kai ban damu ba. Har maigadi na hana, da ƙyar ya yarda ba fushi nake da shi ba.

A wurin wanki ma ka sa ido. Bokiti ɗaya, soso ɗaya, yaro ya fara da taya sannan ya hau ƙofa da shi, kai kuma kana zaune a benci kana danna waya! Ni sai an fara kwarara wa motar ruwa ƙasa ta sauka, sannan a kawo bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Daga rufi ake sauka, taya ce ƙarshe, kuma da nata tsumman. Na kan tafi da tawul ɗina na maikirofaiba. Wanda ya faɗi ƙasa ya zama na taya.

Omo na kaya ne, yana cinye kakin da ake shafa wa mota don kare fenti. Kada a wanke mota a rana. Kada ka lulluɓe ta da tamfol alhali akwai ƙura, iska za ta yi ta goga shi.

To, abin da ya fi ci mini rai shi ne gyaran. Da na ga Corollar ta dushe, na kai wa wani mai injin foli a bakin titi. Ya lafta maganin goge mai kaushi, ya danna injin gogewa irin mai juyawa kawai ba ya kaɗawa, ƙofa ta yi zafi har ba ka iya taɓa ta. Da ya ɗaga, gefen ƙofar direba ya cinye, ga tokar fentin ƙasa a fili. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Alhaji, ai fentin ne ba shi da ƙwari." Sai da aka sake fesa ƙofar, kuma har na sayar da motar launin bai zo ɗaya ba.

Foli ba cike karce yake yi ba, kiliyar yake ci har ta sauko daidai zurfinsa. Kaki kuwa ɓoye shi yake yi, bayan 'yan wanki ya dawo. Don haka kafin a yi foli, ka fara jan farce a kan karcen. In ya maƙale, karcen ya yi zurfi, aikin mai fenti ne. In bai maƙale ba, a gwada magani mafi laushi a wuri kamar tafin hannu, a haska tocila, sannan a ci gaba. Na fi yarda da injin da ke juyawa yana kaɗawa, don ba ya tara zafi wuri guda, kuma sai an manna tef a gefunan ƙofa da bonet, inda fenti ya fi siranta. Motata ta yanzu ruwan toka ce, shekara uku ke nan sau ɗaya inji ya taɓa ta, ina tsaye a kan mai yi har ya gama.