Ku riƙa juya bayan kwali kafin ku biya kuɗi

Tun da likita ya ce Ummanmu na da hawan jini kuma sugan ta ya fara hawa cefanen gida ya dawo hannuna, a nan ne na gane ashe shekara da shekaru ina kwasar kayan gwangwani da na leda a Taminus ban san me ke ciki ba. Ranar lalacewa kawai nake dubawa, ita ma ba kullum ba. Na san da yawanmu haka muke, shi ya sa na ce bari in rubuto inda muka fi yin kuskure ko Allah zai sa wani ya amfana.

Abin da ya fi cin mu shi ne yarda da rubutun gaban kwali. Gaban nan talla ce, gaskiyar tana baya da ƙananan rubutu. Za ki ga jarkar man girki an rubuta cholesterol free da manyan baƙi, ki ɗauka wani abu na musamman ne har ki ƙara kuɗi a kai, alhali duk man da aka tatsa daga tsiro, na gyaɗa ne ko waken suya ko manja, dama can ba shi da kolestirol, a kayan dabba ake samunsa. Haka lemon kwali mai no added sugar, ba su ce babu suga a ciki ba fa, cewa suka yi ba su ƙara ba, sugan 'ya'yan itacen yana nan daram kuma mai ciwon suga in ya ɗirka kofi biyu zai gani a awo.

Gyaran mai sauƙi ne. Ki juya baya ki nemi inda aka sa ingredients, a ƙa'ida ana jera kayan haɗin ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. In kika ɗauki garin shayin yara mai koko kika ga suga ne na farko ko na biyu, to kin san me kike kaɗa musu da safe. Kuma suga na ɓuya da wasu sunaye, glucose syrup, sucrose, dextrose, fructose, maltose, duk dangi ɗaya ne.

Mu 'yan Jos da shayi kam sai Allah, lokacin hunturu a gidanmu tukunyar shayi ba ta sauka daga wuta, to maganar madara ta shafe mu sosai. Ba duk farin abu a gwangwani ne madara cikakkiya ba. Akwai full cream, akwai wadda aka rubuta filled, ita wannan an cire kitsen nonon an mayar da man tsiro shi ya sa ta fi araha, ba guba ba ce amma ki san abin da kika saya. Akwai creamer wanda galibi mai ne da suga, bai kamata a ce shi ne madarar yaro ba. Sai mai kaurin nan sweetened condensed da kusan rabinta suga ne, mu kuma mu zuba ta mu sake ƙara suga cokali biyu a kai.

Yanzu ga inda nake so a nutsu, teburin lambobin nan na bayan kwali da ke nuna yawan suga da gishiri da sauransu. Yawanci layi biyu ne, ɗaya per serving, wato abin da za a ci a zama ɗaya, ɗaya per 100g ko 100ml. Serving ɗin kamfani ne ya yanka abinsa, zai iya cewa biskit uku ne serving, to wa ke cin uku ya ɗaure leda ya ajiye? Yaro ya dawo daga islamiyya zai tashi da fakitin gaba ɗaya, in fakitin serving huɗu ne sai ki ninka duk lambar da kika gani sau huɗu. In kuma kaya biyu kike kwatantawa kar ki kalli serving sam, tunda kowane kamfani da nasa awon, layin 100g za ki bi ki ga wanne ya fi suga wanne ya fi gishiri.

Bari in yi lissafin da lemon roba don shi ne ya fi girgiza ni. Da yawansu suga giram 10 ne ko sama da haka a kowane 100ml, mutum ya ga 10 ya ce ai ba yawa. To robar 50cl ce, wato 500ml, 10 sau 5 ya zama giram 50. Cokalin shayi ɗaya na ɗaukar kamar giram 4, ki raba 50 da 4 za ki samu cokali 12 da ɗoriya a roba ɗaya tal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar ya wuce kamar giram 50 na irin wannan sugan a yini, in ma da hali ya tsaya a 25. Ranar da na fahimci haka na ɗauko faranti na auna cokali 12 na suga na ajiye gaban Umma kusa da robar, ta daɗe tana kallo ta ce "duk wannan a ciki?" Dama ta koma shan maltina-maltina ɗin nan na gwangwani wai sun fi lafiya, da muka duba bayansu su ma suga ne fal.

Gishiri kuma wayonsa daban, ba kasafai ake rubuta salt ba, sodium za ki gani kuma da mg. Ki ninka sodium sau biyu da rabi shi ne gishirin, misali 800mg ya zama giram 2 na gishiri. Ma'aunin da aka ba babba a yini bai kai giram 5 ba, kamar cokalin shayi ɗaya, wato sodium 2000mg, kuma wannan har da na miya da burodi da komai. Kuskuren da muka yi a gida wata biyu cur shi ne mun janye gishiri daga miyar Umma amma muka ƙara dunƙule don ta yi ɗanɗano, jinin ya ƙi sauka yadda ake so, sai da na karanta takardar dunƙulen na ga gishiri ne farkon abin da aka jera. Wallahi raina ya ɓaci ranar. Yanzu daddawa muke ƙarawa da tafarnuwa da citta da albasa mai yawa, dunƙulen kuma rabin na da. Ɗan ƙullin sinadarin cikin taliyar yara ma haka, rabi ya isa, kifin gwangwani da tumatirin leda mai haɗi su ma a duba.

Wajen energy akwai kJ akwai kcal, kar babbar lambar ta tsorata ki, kcal ɗaya kJ 4 ne da 'yan kai, kcal ɗin ne kalori da ake magana. A bota da biskit in kika ga partially hydrogenated ki mayar da shi kan kanta, shi ne kitsen da ya fi yi wa zuciya illa.

Sai lambar NAFDAC. Dole a duba ta, kayan da ba shi da ita ni ba na saya, amma ma'anarta an yi wa kayan rajista ne, ba wai ya dace da mai hawan jini ko mai suga ba, alawa ma tana da lamba. A man girki da fulawa da suga ki nemi tambarin ido ɗin nan, alamar an sa bitamin A ce, gishiri kuma mai ayodin. Nan ne matsalar kayan awo take, madarar gari ta mudu da man da ake ɗurawa a robar ruwa, na san tsadar rayuwa ce ta kai mu, amma ba suna ba kwanan wata ba komai, in dole ne ki ce mai shago ya nuna miki buhun ko jarkar da ya ɗebo.

Kwanan wata ma ana ruɗewa, wasu ranar da aka yi kayan suke karantawa su ɗauka ta lalacewa ce, MFD ranar yi ce, EXP ko BB ita ce ta ƙarshe. Kayan Amurka kuma wata suke fara rubutawa kafin rana.

Rubutun ƙanana ne ƙwarai, ni hoto nake ɗauka da waya in buɗe shi. Rannan a wani shago wajen Farin Gada mai shagon ya ga na daɗe da gwangwani a hannu ya ce "Hajiya lafiya dai? Ai mai kyau ne", na ce "Malam na tsohuwa ne, hawan jini gare ta". Sai ya yi shiru, can ya sunkuya ya ɗauko ledar abin da yake sa wa shayinsa kullum ya miƙo min ya ce don Allah in duba masa wannan ma.