Yadda Ake Ziyartar Chinchero a Tsaunukan Peru

Chinchero ƙaramar gunduma ce a lardin Urubamba na yankin Kusko, kuma mafi yawan mutanenta da harshen Kecuwa suke magana a gida da gona. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 3,760, wato ya fi birnin Kusko bisa, saboda haka abin da baƙo zai fara kula da shi shi ne numfashinsa. Bai dace mutum ya sauka daga jirgi ya zarce can ba. Gara ya kwana biyu a Kusko ko a kwarin Urubamba, yana yawan shan ruwa yana tafiya sannu a hankali, domin ƙarancin iskar wurin yakan jawo ciwon kai da jiri da haki. Idan abin ya tsananta, a sauko ƙasa ba tare da ɓata lokaci ba.

Daga Kusko tafiyar kimanin kilomita 30 ce a ƙananan motocin haya. Lokacin rani, daga Mayu zuwa Satumba, ya fi dacewa, amma a tafi da rigar sanyi mai kauri, domin a Yuni da Yuli ruwa yakan daskare da dare. Ranar Lahadi kasuwa take ci. Wanda yake son ganin gine-ginen Inka, wato daular da ta mulki yankin kafin zuwan Sifaniyawa, da tsohon cocin da Sifaniyawa suka ɗora a kan harsashinsu, sai ya sayi tikitin yawon buɗe ido na Kusko.

A ganina, wurin masaƙa ya fi cancanta a daɗe. Matan garin suna kaɗa zaren gashin tumaki da na alfaka (wata dabba dangin raƙumi marar tozo) da mazari, sannan su rina shi da ganyaye da wani ɗan ƙwaro mai manne wa tsiro mai ƙaya. Mace takan murƙushe ƙwaron a tafin hannunta ya fito ja wur, ta ɗiga ruwan lemun tsami, launin ya sauya a gaban idonka. Mayafi guda yakan ci makonni ana saƙarsa, don haka kada a matsa wajen neman ragi, kuma a saya kai tsaye daga hannun mai saƙar.

A fara da gaisuwa kafin komai: “Allillanchu?”, wato “Kana lafiya?” da Kecuwa, amsarta kuwa “Allillanmi”. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Musulmi ya tambaya kafin ya ci nama, domin soyayyen alade ya yawaita a kasuwa, kuma chicha ta masara giya ce. Shayin ganyen koka (tsiron da ake fitar da hodar iblis daga cikinsa) da ake bai wa baƙi doka ta yarda da shi a Peru, amma kada a saka ganyen a jaka a ƙetare iyaka da shi.