Idan Wi-Fi ko kebul ya maƙale a Linux

A kwamfutoci masu kayan Intel da nake gyarawa, direba (manhajar da ke sarrafa na'urar Wi-Fi ko ta kebul) ɗaya nake sake tayarwa a lokaci guda. Fara da dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin Linux. In ka ga "Microcode SW error", direban Wi-Fi, wato iwlwifi, ne ya samu matsala. Jona kebul tukuna, ka duba hanyar da ake bi da umarnin ip route: NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin, kan ba kebul lambar fifiko 100, Wi-Fi 600, kuma ƙaramar lamba ce ake bi. Sai ka sauke direban Wi-Fi da modprobe -r iwlmvm iwlwifi, ka dawo da shi da modprobe iwlwifi.

In kuwa "Hardware Unit Hang" ka gani, direban kebul ne, wato e1000e. Koma kan Wi-Fi, ka kashe TSO (aikin rarraba bayanai da katin kebul ke yi) da umarnin ethtool. Don Allah kada ka sauke direbobin biyu tare, musamman in ta SSH ka shigo, wato daga wata kwamfuta ta nesa, don hanyar komawarka za ta yanke.