Yadda ake zaɓar batirin caji ga fitilar leza ta hannu

1. Duba jikin fitilar ko takardarta ka ga irin batirin da take ɗauka: AAA biyu, ko na lithium mai lamba 16340 ko 18650.

2. Kula da ƙarfin wuta, nan ne aka fi yin asara. AAA na yau da kullum volt 1.5 ne, na caji irin NiMH kuwa 1.2. Jan leza yakan haƙura da wannan, amma kore mai cin wuta ne, za ka ga ɗigonsa ya dushe da wuri. Kada ka kuskura ka saka batirin lithium mai lamba 10440 a gurbin AAA. Girmansu ɗaya, amma shi volt 3.7 ne, nan take zai ƙone fitilar.

3. In 18650 ce, sayi mai kariya a ciki, wanda ke katse wuta kafin ya zuƙe ƙarƙaf. Ya ɗan fi tsawo, don haka gwada ko murfin zai rufu. Na gaskiya bai cika wuce 3500mAh ba (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke riƙewa). Wanda aka rubuta wa 9900 jabu ne.

4. Tabbatar da gefen da kan batirin (mai alamar +) zai kalla. A korayen fitilu da yawa murfin baya yake fuskanta, saɓanin tocila.

5. Kunna daƙiƙa 30 zuwa 60, ka bari ta huce. Zafi na rage haske da kwanan fitilar.

6. Yi wa batirin lithium caji da cajar da ke tsayawa a volt 4.2. Za ka ajiye fitilar? Cire batirin, ka bar na lithium da rabin caji. Wanda ya kumbura ko ledarsa ta yage, a daina amfani da shi.