Yadda ake zagaya Bilbao da jirgin tiram

Bilbao na yankin Basque, a arewacin Sifaniya. Da isarka, sayi katin Barik a tashar metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka zuba masa kuɗi; da shi ake hawa tiram, metro da bas.

Tiram ɗin, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan gari, layi ɗaya ne tak, wanda aka buɗe a 2002, yana bin gaɓar kogin Nervión. Sai ka ɗora katin a na'urar da ke tasha kafin ka shiga. A nan baƙi ke kuskure: su hau ba su taɓa na'urar ba, mai duba tikiti ya ci su tara.

Sauka a tashar Guggenheim, kusa da gidan adana kayan fasaha mai wannan suna. Frank Gehry ne ya zana gidan, aka buɗe shi a 1997, an lulluɓe shi da siraran fallayen ƙarfen titaniyam masu sauya launi da hasken rana. Kada ka yi gaggawar shiga. Fara zagaya shi ta bakin ruwa, ka tsaya ƙarƙashin ƙaton mutum-mutumin gizo-gizo da Louise Bourgeois ta ƙera, sannan ka haura wurin mutum-mutumin kare da Jeff Koons ya yi da furanni. A ciki, ba wa bangayen ƙarfe da Richard Serra ya ƙera lokaci. Sai ka ratsa tsakaninsu za ka gane su.

Yawanci ana rufe gidan ranar Litinin. Sayi tikitin shiga ta intanet tun da wuri. Riƙe laima, garin akwai ruwan sama.