Yadda Ake Bambance Daskararrun Abubuwa Masu Tsari da Marasa Tsari

Masana kimiyya sun raba daskararrun abubuwa gida biyu bisa yadda ƙwayoyin zarrarsu, wato mitsi-mitsin ƙwayoyin da suka haɗu suka yi su, suke zaune. A rukunin farko, wato kiristal, ƙwayoyin suna jere sahu-sahu, kuma tsarin yana maimaita kansa daga wannan gefe zuwa wancan. Gishiri, sukari, ƙanƙara da lu'ulu'u duk nan suke. Rukuni na biyu shi ne amofus, sunan da aka samo daga Girkanci mai nufin abin da ba shi da siffa, kuma a cikinsa ƙwayoyin sun daskare ne a inda sanyi ya riske su, ba tare da sun sami sukunin jeruwa ba. Gilashi da ƙaro misalai ne na kusa.

Ka fara da dubawa. Zuba gishiri kaɗan a kan baƙin ƙyalle, ka dube shi da gilashin ƙara girma, za ka ga ƙwayoyinsa da yawa kamar 'yan akwatuna masu fuska shida da kusurwoyi daidaitattu. Ɗauki guntun ƙaro ka yi masa irin wannan duba, ba za ka sami fuska ko ɗaya da ta daidaita da 'yar'uwarta ba. Sai dai ido kaɗai yana iya yaudara, domin kofunan gilashi da aka sassaƙa suna da fuskoki masu ƙyalli, alhali cikinsu ba shi da tsari.

Daga nan sai ka lura da karyewa. Babbar ƙwayar gishiri idan aka ƙwanƙwasa ta, tana tsagewa ne a miƙe, ta bar fuska mai santsi, saboda tsagin yana bin layin da ƙwayoyin zarrarta suka jeru. Kwalba kuwa idan ta fashe, bakin fashewar yana lanƙwasa kamar cikin cokali, da kaifi ta kowane gefe.

Gwajin da ya fi waɗannan ƙarfi shi ne na zafi. Kiristal yana narkewa a takamaiman mataki: ƙanƙara a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, gishiri a digiri 801. Gilashi ba shi da irin wannan iyaka; yana fara laushi, ya koma kamar danƙo, sannan ya kwarara a hankali yayin da zafi yake ƙaruwa, kuma wannan laushin ne yake ba masu hura kwalba damar sarrafa shi.

Hanya mafi sauƙi ta ganin rukunan biyu a abu guda ita ce ta sukari. Ka dafa sukari da ruwa kaɗan har ya kai kimanin digiri 150, ka zuba shi a faranti mai sanyi da aka shafa wa mai, kana kiyaye hannunka domin narkakken sukari yana ƙuna ƙwarai. Abin da zai fito alewa ce garau mai fashewa irin ta gilashi. Idan kuwa ka narkar da sukari mai yawa a ruwan zafi, ka rataya zare a ciki, ka ajiye shi kwanaki ba tare da motsawa ba, ƙwayoyi masu kusurwa za su tsiro a jikin zaren. Sinadarin ɗaya ne, saurin sanyaya shi ne ya raba su. Haka abin yake tsakanin dutsen kwaz, wanda kiristal ne, da gilashin silika zalla; duka biyun sinadarin silika ne, wanda ake samu a yashi.

Hukunci na ƙarshe yana ɗakin gwaje-gwaje, inda ake haska abu da hasken eksire, hanyar da masanin kimiyya Bajamushe Max von Laue ya buɗe a shekarar 1912. A hoton da ake samu, kiristal yana fitar da ɗige-ɗige ko layuka masu kaifi, amofus kuwa sai faffaɗan zobe mai dushi-dushi. Da wannan gwajin ne aka gano cewa robobi da yawa, irin su ledar zuba kaya, sun haɗa sassa masu tsari da marasa tsari a jiki guda.